Yadda Maƙerin Wuƙa Zai Sami Shaidar Ƙwarewa ta Ƙungiyar Maƙeran Amurka

A shekarar 1976 ne William Moran da abokansa uku suka kafa ƙungiyar American Bladesmith Society, wadda aka fi sani da ABS, a daidai lokacin da ƙera wuƙa da wuta da guduma ya kusa ɓacewa a Amurka, domin yawancin masu yin wuƙa a can sun koma yanko ƙarfe suna gurza shi da inji har ya ɗauki siffa. Ƙungiyar ta tsara matakai uku ga 'ya'yanta. Na farko shi ne ɗan koyo, wanda kowa yake zama da zarar ya yi rajista. Na biyu shi ne ƙwararre, wato Journeyman Smith, mai izinin buga hatimin JS a jikin wuƙarsa, na uku kuma gwani, wato Master Smith, mai hatimin MS. Matakin tsakiyar shi ne abin da za a yi bayani a nan, kuma ana kai wa gare shi ne ta jarrabawa biyu da ba su yi kama da juna ba: a ta farko ana azabtar da wuƙa guda har a lanƙwasa ta, a ta biyu kuma ana ɗora wuƙaƙe biyar a kan tebur, alƙalai su yi musu kallon ƙurilla.

Abu na farko da za ka yi shi ne shiga ƙungiyar, kuma ka yi hakan da wuri ko da hannunka bai faɗa ba, saboda daga ranar rajista ake fara lissafin lokaci. Sai ka shekara biyu a matsayin ɗan koyo kafin a yarda ka yi gwajin wuƙa, sai ka cika uku kafin ka kai wuƙaƙenka gaban alƙalai. Wanda ya halarci darasin share fagen ƙira a makarantar da ƙungiyar ta amince da ita ana rage masa shekara guda. Makaranta ta farko irin wannan an buɗe ta ne a 1988 a ƙaramin garin Washington na jihar Arkansas, tare da haɗin gwiwar kwalejin Texarkana, kuma darasin na mako biyu ne. Ba sharaɗi ba ne mutum ya zama Ba'amurke, domin akwai masu hatimin gwani a Turai da Brazil da Afirka ta Kudu, kuma ana iya yin gwajin farko a maƙerar kowane ɗayansu. Ka kiyaye kada kuɗin shekararka ya yanke a tsakani, sannan ka sauko da rubutattun ƙa'idojin daga shafin ƙungiyar a shekarar da za ka yi gwaji, domin akan yi musu gyara lokaci zuwa lokaci.

Waɗannan shekaru na jira suna da aikinsu, kuma babban aikin shi ne ka zaɓi ƙarfe iri guda ka zauna a kansa har ka san halinsa. Masu shirin wannan gwaji sun fi amfani da ƙarfe mai lamba 5160, wanda ƙarfen sifirin ne mai sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan kuromiyam, ko 1084 mai kabon kusan kashi 0.84, ko kuma 80CrV2. Dukkansu suna da juriya, kuma suna yafe ƙananan kurakuran wuta. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙera adda da wuƙa daga tsohon sifirin mota, kuma ba laifi ba ne a koyi sarrafa guduma da shi, amma ban ba ka shawarar ka je gwaji da shi ba. Sifirin da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya yakan ɓoye ƙananan tsagu waɗanda ido ba ya gani, ga shi ba ka da tabbacin ko wane irin ƙarfe ne kamfanin ya zuba, don haka zafin da ya yi maka daidai a kan wannan guntu yana iya saɓa maka a kan wancan. Sabon ƙarfe mai lamba, wanda aka sayo da yawa a lokaci guda, shi ne zai ba ka damar maimaita aiki ka sami sakamako iri ɗaya.

Wuƙar gwaji tana da ma'auni da ba a ƙetarewa. Tsawonta gaba ɗaya kada ya wuce inci 15, ruwanta kada ya wuce inci 10, faɗinsa kuma kada ya wuce inci 2, wato kimanin santimita 38 da 25 da 5 ke nan. Dole ne ya zama kai ka ƙera ta da hannunka, kai ka gurza ta, kai ka taurara ta, kuma da ƙarfen kabon zalla, ba ƙarfen Dimashƙa mai ninki-ninki ba. Ba a neman ado a jikinta, ƙotar ma ta isa idan tana riƙuwa da kyau ba za ta suɓuce ba. Ya fi maka ka kusanci iyakar ma'aunin, domin doguwar wuƙa ta fi jin daɗin sara kuma ta fi sauƙin lanƙwasuwa, sai dai ka bar ɗan rata kaɗan, kada awon gwani ya nuna ka zarce.

Siffar ruwan wuƙar tana yanke rabin hukunci tun kafin a kai ga maganar wuta. Ka ƙera shi da kauri a wajen wuya, kimanin rubu'in inci ko ƙasa da haka kaɗan, ya riƙa sirancewa a hankali har zuwa tsini, domin irin wannan sirancewa ita ce take rarraba nauyin lanƙwasa a tsawon ƙarfen, maimakon ya taru wuri guda ya karya shi. Bakin kaifin ya zama mai ɗan tudu a gefe biyu, siriri yadda zai ratsa igiya, amma da isasshen nama a bayansa yadda katako ba zai nannaɗe shi ba. Inda wutsiyar ƙarfen take shiga ƙota kada ka bar kusurwa mai kaifi, ka kewaye kafaɗun da magagari mai zagaye. Haka nan ka goge gadon wuƙar ya yi sumul, ka kuma bi duk wani zanen da injin gurza ya bari a gicciye ka share shi da samfefa ta hanyar tsawo. Zane mai zurfi da ya gitta ruwan wuƙa shi ne yawanci inda tsaga take farawa idan an matsa.

Sauran rabin hukuncin yana wajen wuta, kuma a nan ne mafi yawan masu faɗuwa suke faɗuwa. Bayan ka gama duka, ƙwayoyin cikin ƙarfen sun girma saboda zafin ƙira, kuma ƙarfe mai manyan ƙwayoyi yana da gautsi komai taurinsa. Maganin wannan shi ne ka zafafa wuƙar zuwa kimanin digiri 870 a ma'aunin Selsiyos, ka fitar da ita ta huce a iska har jan ya tafi, sannan ka maimaita sau biyu kana rage zafin kowane zagaye. Bayan an gurza ta sai taurarawa. Maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, amma wannan alama ce kawai cewa ka kusa, domin waɗannan ƙarafa suna bukatar kimanin digiri 815 zuwa 830, zafin kuma ya game ko'ina daidai, ba tsini ya yi fari wuya yana baƙi ba. Wanda yake aiki da gawayi da zugazugi ya yi wannan aikin da almuru ko a cikin inuwa mai duhu, saboda hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe har mutum ya ƙona shi bai sani ba. Daga nan sai ka tsoma ta cikin mai da aka ɗumama zuwa kimanin digiri 50. Akwai man da aka yi musamman domin wannan aiki, wasu kuma suna amfani da man girki irin na gyaɗa. Ruwa yana fasa irin waɗannan ƙarafa, baƙin man mota kuwa hayaƙinsa yana da illa kuma ba ka san abin da ke cikinsa ba.

Idan ta huce ka goga magagari a bakinta. In ya zame bai ci ba, ta taurara. Amma a wannan hali tana da gautsi ƙwarai, don haka kada ka bar ta ta kwana, ka sa ta a tanda mai zafin kusan digiri 200 na tsawon awa biyu, ta huce, ka sake. Wannan yana rage gautsin ba tare da ya kashe kaifi ba.

Abin da ake so a ƙarshe shi ne wuƙa mai hali biyu a jiki guda, baki mai tauri da gado mai sassauci, kuma hanyoyi biyu ne aka saba bi. Hanya ta farko ita ce tun wajen tsomawa ba za ka nutsar da ruwan wuƙar duka ba, sai sulusin faɗinsa ko kusan rabi daga wajen kaifi. Ana sa farantin ƙarfe mai huda-huda a cikin man domin ya tsayar da zurfin, ka fara tsoma tsinin, ka mirgino zuwa wuya, kana kai da kawowa har jan gadon ya mutu da kansa. Hanya ta biyu ita ce ka taurara wuƙar gaba ɗaya, bayan tanda kuma ka tsayar da ita a faranti mai ɗan ruwa wanda ya rufe bakin kaifi kawai, ka bi gadon da harshen wutar gas a hankali, kana kallon launi yana sauka daga ruwan zuma zuwa shuɗi, ka tsaya kafin shuɗin ya kai ga ruwan farantin. Ta farko takan ba da wuƙar da ke lanƙwasuwa cikin sauƙi ta zauna a lanƙwashe, ta biyu kuma takan ba da wadda ke turjiya tana neman komawa. Duka biyun suna wuce gwaji idan an iya su. A ganina wanda bai da tandar lantarki mai ma'auni ya fi samun kwanciyar hankali da ta farko, amma abin da ya fi zaɓin hanya muhimmanci shi ne kada ka canza ta ana saura wata guda.

Ba za ka san ko wutarka ta yi daidai ba sai ka lalata wuƙaƙenka da hannunka, kuma wannan shi ne abin da masu koyo suka fi ƙyashi. Ka ƙera wuƙaƙe iri ɗaya daga ƙarfe ɗaya, ka yi musu duk gwajin da za a yi maka, sannan ka ci gaba da lanƙwasa su har su karye, ka duba wurin karayar a cikin haske. Idan ya fito toka-toka mai laushi kamar garin alkama, aikinka ya yi, idan kuwa ya fito tsaki-tsaki yana ƙyalli, ka wuce da zafi. Akwai kuma ƙaramin gwaji da ba ya ɓata wuƙa: ka danna gefen kaifin a kan siririyar sandar tagulla ka ja, kana kallo. Bakin kirki zai ɗan karkata ya dawo. In ya gutsure ya yi tauri da yawa, sai a ƙara zafin tanda kaɗan, in kuma ya karkata ya zauna to bai taurara ba. Ka riƙa rubuta zafi da lokaci na kowace wuƙa a littafi, domin ranar da ka dace ka san abin da ka yi.

Idan lokaci ya yi sai ka nemi gwani mai hatimin MS, ku sa rana, ka je maƙerarsa da wuƙarka da takardar neman gwaji. Zai fara auna ta ya duba ta, yana kuma iya yi maka tambayoyi a kan yadda ka yi aikin, wani ma yakan ce ka ɗan yi ƙira a gabansa. Gwajin kashi huɗu ne a jere, da wuƙa guda, kuma ba a yarda ka wasa ta ba tsakanin wani da wani. Da farko akwai igiyar sisal ko manila mai kaurin inci 1, a rataye ba a ɗaure ƙasanta ba, wadda za ka datse kimanin inci 6 daga ƙarshenta da sara ɗaya. Wannan yana bukatar hannu kamar yadda yake bukatar kaifi, shi ya sa ya kamata ka sayi igiya ka yi ta gwadawa a gida, kana kawo saran a karkace daga sama zuwa ƙasa, kana nufin bayan igiyar ba fuskarta ba. Daga nan sai katakon gini irin wanda kafintoci ke kira tu-bai-fo, wanda za ka sare gida biyu har sau biyu. Ba tsere ake yi ba, don haka ka riƙa sara dama da hagu kana fitar da ɓarɓashi, ka kauce wa ƙulli a jikin katakon, kada kuma ka murɗa wuƙar idan ta cije. Gwanin zai bi bakin da ido da farce yana neman gutsurewa ko nannaɗewa. Idan babu, sai ka aske gashin hannunka da daidai wurin da ya yi saran.

Kashi na huɗu shi ne lanƙwasawa. Ana dakushe kaifin domin kare kai, a sa tabarau da rigar fata mai kauri, a matse kimanin sulusin ruwan wuƙar daga tsini a cikin bayis, wato matsen ƙarfe da ke riƙe aiki a kan tebur, sannan ka ja ƙotar, da hannu ko da bututun ƙarfe da aka zura mata, har gwanin ya ce ta kai digiri 90. Ka ja a hankali da ƙarfi ɗaya, ba fizga, kuma kada ka tsaya a tsakiya ka sake farawa. Ba a bukatar ta miƙe bayan an sake ta. An yarda bakin ya tsage, muddin tsagar ba ta wuce kimanin sulusin faɗin ruwan ba, amma idan wani yanki ya ɓalle ko wutsiyar ta karye, ka faɗi, kuma sai bayan wata shida za ka sake gwadawa. In ka wuce, gwanin zai sa hannu a takardarka. Ka adana takardar da lanƙwasasshiyar wuƙar yadda take, kada ka yi ƙoƙarin miƙar da ita, domin za ka gabatar da su tare a mataki na gaba, wanda dole ka kai gare shi cikin shekara uku.

Mataki na gaban shi ne wuƙaƙe biyar kammalallu, dukkansu ƙirar hannunka da ƙarfen kabon zalla, kuma babban wurin da ake duba su shi ne baje kolin Blade Show da ake yi a birnin Atlanta na jihar Georgia a watan Yuni. A nan babu sara babu aski, ido da yatsa ne kawai suke aiki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya so ya burge alƙalai da zane da sassaƙa da siffofi masu wuya, alhali kowane ado da ka ƙara wuri ne da aibi zai iya ɓuya a gare ka ya bayyana a gare su. Wuƙar farauta madaidaiciya da babbar wuƙar Amurkawa da ake kira Bowie mai tsabtar aiki sun fi abin ƙawa mai ɗan karkata nesa ba kusa ba.

Abubuwan da suke dubawa sanannu ne. Alƙali zai ɗaga wuƙar ya hango ta daga ƙarshen ƙota zuwa tsini, ya ga ko komai yana kan layi guda, ko kaifin yana tsakiyar kaurin ƙarfen. Zai juya ta ya kalli inda gurzawa ta fara a wajen wuya, ya ga ko gefen dama da na hagu sun tashi daidai wuri ɗaya. Zai sa ta a gaban fitila ya duba mahaɗar ruwan wuƙa da makarin hannu, kuma idan haske ya ratsa, ko ya ga an cike giɓi da gam, maganar ta ƙare. Zai shafa ƙotar da yatsa ya ji ko ƙusoshinta sun yi tudu, ya duba ko ɓangarorinta biyu sun yi kauri ɗaya. Gogewar ruwan wuƙar ana yin ta ne da hannu, da samfefa mai lamba 400 ko 600, a ja ta hanya ɗaya daga wuya zuwa tsini, ba tare da wani zane ya kauce ko ya yi ƙugiya a wurin da hannu ya tsaya ba. Ragowar zanen samfefa mai kaushi yakan ɓuya a ƙarƙashin fitilar maƙera ya fito fili a hasken rana, saboda haka ka duba kowace wuƙa a haske iri-iri.

Itacen ƙota yana da nasa sha'ani, musamman ga wanda zai taso daga wuri mai bushewa. Ƙotar da aka gama a tsakiyar hunturu a Kano ko Damagaram, idan ta isa Atlanta cikin damshin watan Yuni, tana iya kumbura ta ɗaga sama da ƙarfen da aka daidaita ta da shi, yatsa kuma zai ji wannan tudun. Ka yi amfani da itace mai tauri wanda ya daɗe da bushewa, ko wanda aka ɗura wa sinadarin hana motsi, ka kuma gama aikin da wuri ka ajiye ka ga ko zai sauya. Hauren giwa kada ka kusance shi, domin dokokin fatauci tsakanin ƙasashe sun hana, kuma jami'an kwastan za su ƙwace wuƙar.

Tun ana saura watanni ka kai wuƙaƙen wurin gwani, in da hali fiye da ɗaya, ka roƙe shi ya faɗa maka gaskiya ba tare da kara ba, ka kuma bar wa kanka lokacin da za ka sake ƙera wadda ya kushe maimakon ka yi mata kwaskwarima. Ya kyautu ka ƙera shida ko bakwai ka zaɓi biyar, saboda a ranar ƙarshe ma wuƙa tana iya faɗuwa a ƙasa. Ka sanar da ofishin ƙungiyar da wuri cewa za ka gabatar, ka fara neman bizar Amurka da wuri idan daga waje za ka zo. A jirgi wuƙaƙe suna tafiya ne a cikin akwatin da ake aunawa, ba a jakar hannu ba. Ka shafe su da mai, ka naɗe kowace daban a mayafi mai laushi, kada ka bar su cikin kuben fata domin fata tana jawo tsatsa, kuma da ka sauka ka buɗe su ka duba.

A ranar hukunci za ka jera biyar ɗin a kan tebur tare da wuƙar gwaji da takardarka, ka fita daga ɗakin, a rufe ƙofa, gwanaye su zagaya su duba, daga baya a kira ka a gaya maka sakamako. Wanda bai wuce ba akan nuna masa inda aibin yake, kuma yana iya dawowa da sababbin wuƙaƙe muddin wa'adin gwajinsa na farko bai ƙare ba. Wanda ya wuce yana da izinin buga JS kusa da sunansa a wuyan kowace wuƙa da ya ƙera, kuma daga ranar ake fara ƙirga masa shekara biyu kafin ya nemi hatimin gwani. A wancan mataki za a maimaita masa igiya da katako da aski da lanƙwasa, amma da wuƙar ƙarfen Dimashƙa mai ninki 300 ko fiye, wadda wutsiyarta take ɓoye cikin ƙota, kuma ɗaya daga cikin biyar ɗin da zai kai gaban alƙalai dole ta zama wuƙa mai baki biyu irin ta Turawan da, mai makarin hannu a gicciye da ƙota mai murɗaɗɗen sassaƙa da aka bi da waya.